Kwano Biyu da 'Yar Mai Gishiri

Ba zan taɓa mantawa da makona na farko ina malamin firamare a Lafiya ba, shekaru kaɗan kafin samun 'yancin kai. Na fito daga kwalejin horon malamai da farar riga, da littafi a hammata, da tabbacin cewa na san yaro ciki da waje (ni da ban taɓa goyon ko ƙanena ba).

Ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, ƙa'idar ita ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. Wata mai sayar da gishirin garin Awe ta kawo 'yarta Ladi. Yatsun yarinyar ba su kai ba. Hedimasta, dattijo mai haƙuri, ya so ya ɗauke ta haka nan. Ni na hana.

"Ranka ya daɗe," na ce, "yaron da bai kai shekara bakwai ba idonsa ke masa tunani. Baturen da ya koyar da mu ya gwada. Bari ka gani. In ta faɗi, ta dawo baɗi."

Iyaye suka kewaye tebur. Na zuba ruwa daidai a kwano biyu, na juye ɗaya cikin doguwar kwalba. Bisa littafi, za ta ce na kwalba ya fi yawa.

"Wanne ya fi?"

Ta dubi ƙasa, ta dubi uwarta. Sai da uwar ta gyaɗa kai ta yi magana.

"Na kwano. Da ɗaya ne, amma ka zubar da kaɗan a rigarka."

Na duba. Gaskiyarta.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Sai uwar ta gyara goyo, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Malam, yarinya na yana awo tun bai iya ɗaura zani ba. Kuma ba kai ne jiya na ce maka mudu biyu ɗin ɗaya ne, ka ce a'a, dogon ya fi cika?"

Ni ne (har na koma gida ina yabon wayona).

Dariyar da aka yi, har masu wucewa da doya suka tsaya tambaya. Hedimasta bai yi ba. Ya miƙo mini alƙalami kawai, ya ce, "Malam, rubuta sunanta da hannunka."

Har yau ina gode masa da bai ƙara kalma ba, ina kuma gode wa matar da ta faɗa. Littafin bai yi ƙarya ba, amma yaran da ke cikinsa ba a gindin tiren gishiri suka tashi ba. Tun daga ranar, kafin in auna hankalin yaro, sai na tambayi aikin da yake yi a gida. Kasuwa kuwa, aike nake yi.