Hannun babur ɗin Yaya Bashir

Ranar da Yaya Bashir, ɗan kawuna da nake zaune a gidansa a garin Laurel, ya ce abin ɗumama hannun babur ɗinsa ya mutu, ni da ko baƙo ba na iya gaidawa sai da gumi, na ce, "Bar mini shi, Yaya."

Sanyi ya kankama, kuma da babur ɗin yake zuwa aiki, inda aka riga aka yi masa gargaɗin ƙarshe a kan makara. Na karance littafin babur ɗin tas, na gwada fiyus, na bi wayoyi har na sami wadda ta tsinke daga wajen makulli. Sai na raina tsarin kamfani, na jona ta da batir kai tsaye. Hannu ya ɗau zafi. Yaya ya ce, "Kai, boko ya yi rana!"

Ban tuna cewa yanzu zare makulli ba ya kashe abin ɗumama hannun ba.

Da safe Yaya ya danna maɓallin tayarwa, babur ya yi ƙyas ya yi shiru. Ya sake dannawa. Ashe abin ya kwana a kunne, ya shanye batir. Yaya ya dubi agogo, ya dube ni.

"Injiniya, me ka haɗa da me?"

Da batirin motar maƙwabci muka tayar da babur ɗin. Yaya ya isa aiki manaja na tsaye a ƙofa, da ƙyar ya sha.

Har yau in shayi ya huce, matarsa takan miƙo mini kofin ta ce, "Injiniya, taimaka a jona shi da batir."