Yadda Za Ki Kawo wa Surukarki Kwalba Babu Turare, Ta Kuma Sa Miki Albarka

'Yar'uwa mai shirin tafiya Umra, ki ba da hankalinki. Duk wadda ta bi waɗannan matakai babu ragi babu ƙari, ana ba ta tabbacin za ta sayi turare mai daraja, ta ratsa ƙasar wasu da shi, ta iso gida da kwalba wayam, kuma ta kwana da albarkar suruka. An gwada hanyar a kan Hasiya, matar Labaran ta Ƙafin Maiyaki, ta kuma yi aiki.

Mataki na 1: Ki samu surukar da ba ta son komai

Suruka mai dogon saƙo ba abin tsoro ba ce. Idan kin manta ɗaya, sauran za su rufa miki asiri. Wadda ake nema ita ce irin Inna, mahaifiyar Labaran, da ta ce ba ta son dabino, ba ta son carbi, addu'a ta wadatar. Sai da Hasiya ta durƙusa yin sallama, tsohuwa ta buɗe adaka ta ɗauko wata tsohuwar kwalba da ta bushe tuntuni, ta miƙa mata ta shinshina.

"Marigayi ne ya kawo mini shekarar da ya sauke farali. In kin ga irinsa, to. In ba ki gani ba, babu komai."

Ki sani, babu komai ɗin tsohuwa ya fi buhun masara nauyi.

Mataki na 2: Kada ki same shi da wuri

Ki zaga shaguna kina shinshine-shinshine har hancinki ya daina bambance miski da man zafi. Ki bari sai an auna manyan jakunkuna an wuce da su, sannan ki ci karo da shi a shagon filin jirgi, a babbar kwalba. Mai shago zai saka shi a leda, ya jefa rasit, ya liƙe bakin da hatimi.

Jagoran tafiya ya yi wa Hasiya bayani dalla-dalla: jirgi zai ya da zango a wata ƙasa, kuma jami'an can suna ɗaukar kayan da ke liƙe a matsayin baƙo mai wucewa, ba ruwansu da shi. Da zarar an ɓalle hatimi, baƙo ya zama ɗan gari, dokar gari ta hau kansa. Hasiya ta fahimta sarai. Wannan yana da muhimmanci, domin hanyarmu ba ta jahilai ba ce, ta masu kunya ce.

Mataki na 3: Ki zauna kusa da babba

A zauren jira na ƙasar zango, ki nemi kujerar da ke maƙwabtaka da sa'ar surukarki. Hasiya ta dace da Hajiya Saude ta Dangora, wadda ta daɗe tana kallon ledar kafin ta tambayi me aka rungume haka kamar jinjiri. Hasiya ta faɗa mata, ta ƙara da ƙaramar murya cewa an ce kada a buɗe.

"Wa ya ce? Ke kika saya ko su? Kawo nan, ɗiyata, ƙamshin kawai zan ji."

A nan dokoki biyu suke haɗuwa: ta ƙasar zango da ta Ƙiru, yankin su Hasiya da Hajiya. Ta farko a rubuce take, amma ta biyu ce ke zaune kusa da ke tana miƙo hannu. Hajiya ta zare fil daga mayafinta ta farke hatimin, ta shafa a wuya, ta yaba, ta miƙa wa wata 'yar Burumburum domin kada a ce ta yi rowa da kayan mutane.

Mataki na 4: Ki ƙulle ledar da kyau

Ki yi mata ƙullin da kike yi wa daddawa. Babu shakka ya fi hatiminsu ƙarfi, sai dai har yanzu ƙasashen duniya ba su amince da shi ba.

Ki gai da jami'in binciken kaya na ƙofar shiga jirgi cikakkiyar gaisuwa, har da iyali da gajiya. Wanda Hasiya ta samu bai amsa ko ɗaya ba. Ya nuna hatimin da aka farke, ya nuna girman kwalbar, ya nuna kwandon shara inda zumar wani bawan Allah ta riga ta kwanta. Hajiya Saude ta yi masa bayani da Hausa mai kyau cewa na tsohuwa ne wadda mijinta ya rasu, da ta ga bai gane ba ta maimaita da ƙarfi. Ya sake nuna kwandon.

Mataki na 5: Ki lura da abin da aka hana

Hasiya ta tsaya gefe, zuciyarta na wurin adakar Inna. Sai ta ga an bar Hajiya Saude ta wuce tana tashin ƙamshi, babu wanda ya nuna mata kwando. Ashe turaren da ke cikin kwalba ne haramtacce. Wanda ke jikin Hajiya fasinja ne.

Ta ciro sabon farin mayafi daga jakar hannu, ta yi bisimilla, ta tuttule kwalbar a kansa har ɗigon ƙarshe. Jami'i ya ɗaga kwalbar, ya jijjiga, ya yi atishawa, ya yi mata alamar ta wuce. Ki yi masa addu'ar atishawa; bai san ya samu ba, amma ladan naki ne.

Mataki na 6: Ki daure

Za ki yi ta istigfari a jirgi, domin mace mai kamun kai ba ta so ƙamshinta ya riga ta isa sahun maza. Daga Kano direba zai sauke gilasan mota. Ɗan acaɓan da ya ɗauko jakar Hasiya daga bakin titi sai da ya roƙi Labaran ya raka shi gida ya yi masa shaida a wurin matarsa.

Mataki na 7: Ki durƙusa

Tun Hasiya na zaure Inna ta ji ƙamshi, ta ce a faɗa wa mai shigowa ta samo shi. Hasiya ta ajiye kwalba da mayafi, ta fara bayanin hatimi. Tsohuwa ba ta saurara ba. Ta kai mayafin fuskarta, ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta ɗauko tsohuwar kwalbar ta jera su biyu, ta ninke mayafin ta shimfiɗa musu a adaka.

"Nasa ma bai yi wata ba maƙwabta suka ƙarar. Wannan kuwa babu mai cewa in ɗan ɗiga masa. Allah ya yi miki albarka." Ta rufe adaka. "Saude ce ta buɗe, ko? Tun muna 'yan mata ba ta ganin ƙulli ta ƙyale."

Gargaɗi

Marubuciyar wannan jagora ba ta da alhakin ciwon kan fasinjoji, ko rikicin gidan ɗan acaɓa, ko dokar da aka sauya bayan kin tashi. Idan surukarki ba Inna ba ce, ta kuma karɓi kwalba ta juya ta ƙasa tana kallonki, kada ki ambaci sunanmu. Wadda ta ga hanyar ta yi mata tsawo tana iya barin ledar a liƙe, in har tana da ƙarfin halin ce wa Hajiya Saude a'a. Ba a taɓa samun wadda ta gwada ba.