Ranar da Na Hana Albasar Ƙauyenmu Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawan ƙauyenmu a bakin rijiyar burtsatse ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Shekara biyu na yi a jami'a ina fama da wata manhaja mai tantance shirin kwamfuta, irin shirin da ke tafiyar da ayyuka da yawa a tare, kowanne da sharaɗinsa da lokacinsa. Ka yi mata tambaya, ta bi duk hanyar da shirin zai iya bi, ta ba ka amsa da hujja. Na gaji da ita, ina jin ita ma ta gaji da ni.

A lambunanmu na rani, kusa da Ɗanbatta, kullum rigimar ruwa ake: mutum biyu su buɗe famfo tare, kowa ya sami ɗigo. Sai na ce zan rubuta shirin da zai riƙa buɗe wa kowa bi da bi. Mahaifina ya tsaya mini a gaban jama'a, har ya sa aka ɗaga dashen albasa zuwa ranar gwaji. Ƙa'idar da dattawa suka ba ni ita ce ƙarami ya jira babba, ɗa ya jira uba.

Na tambayi manhajar ko famfo biyu za su taɓa buɗewa tare. Ta ce har abada. (Na buga amsar a takarda, har leda na sa mata.)

Ranar gwaji aka yi dashe da safe, na danna maɓallin kunna shirin. Shiru. Azahar ta yi, dashe ya fara langaɓewa, ni kuwa sai ɗaga takarda nake.

Malam Idi, maƙwabcin lambunmu, ya matso. "Wai wa injin nan yake jira ne?"

Na duba. "Baba Sale yana jiranka, Malam, tunda kai ƙanin mahaifinsa ne."

"To ni fa?"

"Kai kuma kana jiran Baba Sale, don ya girme ka da shekara uku."

Sauran mutane duk suna bayansu a layi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mahaifina ya ɗauki guga ya nufi tsohuwar rijiya, da furfurarsa, kuma duk da haka rabin dashensa bai tashi ba.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, famfo biyu ba su buɗe tare ba. Ni ne ban tambaye ta ko ɗaya zai buɗe ba. Yanzu kafin in tambayi kwamfuta ko za a yi rigima, sai na fara tambayar ta ko za a sha ruwa.