Kwalta Ta Tsaya a Gindin Bishiya

Ni na jagoranci neman a zuba wa layinmu kwalta a Pleasant Garden. Doka ta ce sai yawancin masu gidaje sun sa hannu, na bi su gida-gida har suka cika. A takardar neman, a gurbin iyakar aiki, na rubuta kwatance irin namu: daga coci zuwa babbar bishiya.

Ma'aikaciyar ofis ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Shekarata tara a layin nan."

Muka yi nasara! Kwalta ta zo sumul, ta tsaya cak a gindin bishiyar. Gidana kuwa yana gaba da ita.

Har yau in aka yi ruwa, maƙwabcina Alhaji Isufu kan leƙo daga motarsa: "Sarkin Kwalta, a zo a tura ka?"