Wayar Ilaitia Ta Yi Ƙafa

"Lafiya lau na kwana, taubashi. Kai ne dai na ga kana haki kamar an biyo ka. Ko dutsen ne ya ƙara tsawo jiya?"

Sakiusa ke nan, yana kishingiɗe a gindin mangwaro, kwandon gwaza a gefensa. Ilaitia bai amsa ba sai da numfashinsa ya dawo. Duk tsibirinmu nan kaɗai sabis ke kamawa, a ƙarƙashin mangwaron nan na kan dutse, mai son waya kuwa dole ya hau. Ilaitia ya hau ne da wayar aro ta malamin makaranta, don tasa ta ɓace tun jiya da yamma a wajen shan yangona, jiƙon saiwar nan mai sa barci da muke zagayawa da shi a ƙoƙo. Ga 'yarsa Unaisi kwana uku ke nan a asibiti a Suva, babban birninmu, haihuwar fari, an ce ɗan bai kwanta daidai ba. Mijinta ya ce zai kira yau. Lambar Ilaitia kaɗai yake da ita.

Wa zai tarar a wurin in ba Sakiusa ba! Ɗan gwaggonsa ne, kuma kowa ya san yadda abin yake a wajenmu: ɗan mace in ya shigo gidan kawunsa, abin da hannunsa ya ɗauka ya zama nasa. Zagi dai ka zage shi har ka ƙoshi, amma "maido mini" ba ta fita daga bakin mai kunya. A haka Ilaitia ya rasa adda biyu, da filafilin kwalekwale, da zakara guda mai rai.

"Me kake yi a nan?" in ji Ilaitia.

"Iska nake sha."

"Iskar bakin teku ta ƙare ne?"

"Waccan warin kifinka take yi."

"Sakiusa, ba kai ne wayarka ta faɗa ruwa watan jiya ba?"

"Allah Ya jiƙanta. Wani kifi na can yana kiran danginsa."

"To mutumin da ba shi da waya, me ya kawo shi inda sabis yake tun da sassafe?"

"Ziyara. In ka saba da wuri, ai ba ka yanke zumunci."

Ilaitia ya dubi kwandon. Ya dubi aljihun zanen da Sakiusa ya ɗaura. Ya sake duban kwandon. Tunda yake bai taɓa ganin gwazar da aka lulluɓe da ganye har rufi uku ba.

"Wayata ta ɓata," ya ce, yana kallon ƙwayar idonsa.

"Ayya! Wacce? Mai fasasshen gilashin nan da kake ɗaurewa da roba? Ai wanda ya ɗauke ta taimakon ka ya yi."

"Yaya aka yi ka san da roba? Shekaranjiya na ɗaura."

"Duk gari an sani. Har a coci an sa ta a addu'a."

"Kai ne a damana jiya."

"A hagunka kuma matarka ce ta zo kiran ka, ka fara da ita. Ƙoƙo huɗu ka sha ka hau gyangyaɗi, baki buɗe. Da kanka ma aka ɗauke, sai yau za ka lura."

Ilaitia ya cije leɓe. Wallahi da ba ɗan gwaggo ba ne, da tuni ya kifar da kwandon nan.

"Ba komai," ya ce. "Malam ya gaya mini abin da ake yi. Farko a kira ta. In tana kusa, za ta tona asirin mai ita."

"Madalla. Kira mana."

Ya ɗaga wayar malam, ya tsaya. Yatsansa ya yi ta yawo a kan lambobin.

"Yaya dai?" in ji Sakiusa. "Ka manta lambarka?"

"Wa yake kiran kansa?"

"Shekara sittin da ɗoriya! To kira Unaisi."

"Lambarta na cikin wayar."

"Ta mijinta?"

"Tana ciki."

"Kai jama'a! Ka tara danginka kaf cikin abu ɗaya, ka ɗaure su da roba, ka ajiye a tabarma ka yi barci. Ko a bangon ɗaki ba ka rubuta ɗaya ba?"

"Kai ka rubuta naka?"

"Ni ba mai neman na, sai masu son a maido musu kaya."

Ilaitia ya juya bayan hannunsa, inda malam ya rubuta masa lambar kamfanin waya da biro.

"To ga na biyu. Zan kira kamfani su rufe layin. Akwai kuma wata doguwar lamba a jikin kwalinta, in na ba su, su kashe wayar gaba ɗaya. Ɓarawon sai dai ya danne takarda da ita."

"Ina kwalin?"

Ilaitia ya sosa ƙeya.

"Ba shi ne kazarka ta yi ƙwai a ciki ba bara?"

"Kazar da ka raba da mijinta."

"Zakaran ne ya biyo ni, ya ce ba ka ciyar da shi. Lambar sirrinka fa, ka canza? Ko har yanzu ɗaya-biyu-uku-huɗu ce?"

Ilaitia ya zabura. "Wa ya gaya maka?"

"Da ƙarfi kake karanta ta in kana dannawa. Har yara sun haddace."

"Zan kai ƙara wajen mai gari."

"Mai gari shi ma ɗan mace ne. Rigar da ke jikinsa ma ta kawunsa ce."

"Zan tsallaka wajen 'yan sanda!"

"Da wane filafili?"

Nan fa ran Ilaitia ya ɓaci da gaske. Ya fara danna lambar kamfani. Sakiusa ya tashi zaune, wasan ya ɗan ragu a muryarsa.

"Tsaya tukuna. In ka rufe layin, ta ina mijin Unaisi zai same ka?"

Yatsan ya tsaya cak. Abin da ya hana shi barci ke nan. In ya rufe, ya toshe hanyar 'yarsa da hannunsa. In ya bari, wani ƙato na can yana amsa kira da sunansa, ƙila ma ya yaudari danginsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar teku.

"Taubashi," ya ce a hankali, "yarinyar nan ita kaɗai ce 'ya mace a cikin 'ya'yana."

Bai ce a maido ba. Bakinsa ya ƙi.

Sai ga waƙar coci ta tashi daga cikin gwaza.

Sakiusa ya yaye ganye, ya zaro waya mai roba, cajinta cike.

"Ɓarawo!" Ilaitia ya yi tsalle. "Ɓarawo ɗan gado!"

"Yi mini shiru, ana kiran wayata." Ya kara a kunne. Ya saurara. Fuskarsa ta tsaya, ya ce "To," ya sake cewa "To." Ilaitia ya matso, ya dafa mangwaro.

"Faɗa mini! Don Allah faɗa mini!"

"Namiji," in ji Sakiusa, idonsa ya ciko. "Ita da shi lafiya lau. Ungo, na ba ka aro."

Ilaitia ya karɓa da hannu biyu. Ya ji muryar Unaisi a gajiye, can bayanta wani ƙaramin abu na tsala ihu. Ya yi kuka, bai ko ɓoye ba. Da aka kashe, ya share fuska da bakin riga ya juyo.

"Don me ka yi mini haka?"

"A mace na same ta a tabarma. Solarka ta lalace tun Ista, ka ƙi gyarawa. Na kai gida na cika ta, gari na wayewa na hau nan. Da na bar maka, da yanzu kana danna gawa."

"Da ka faɗa mini!"

"In rasa ganin fuskar nan taka? Me ta ce maka a ƙarshe? Na ga ka ɓata rai."

Ilaitia ya yi tsaki. "Wai sunanka za su sa masa."

Sakiusa ya faɗi a ƙasa yana dariya har da dukan kwando. "Sunana! Kuma ɗan mace! Taubashi, ka gane kuwa? An haifa wa gidanka wani ni!"

Ilaitia ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa, ya cire hularsa ya jefa masa.

"Riƙe, tun kafin ka sace."

Sakiusa ya kafa ta a ka, ya gyara mata zama.

"Wannan zan ajiye wa takwarana. Sauran kayan gidan, in ya fara tafiya da kansa zai zo ya kwashe."