Durƙuson da Na Kasa Tashi

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba na jin bikin Zainabu, ƙanwar mijina, zai fita daga raina. A ƙauyenmu aka yi shi, can gefen Kamlin, ina da cikin fari wata shida. Kowa ya ga cikin, har awakin gida sun gani, amma ni a wurina babu shi. Haka muka taso: cikin fari ba a faɗarsa, ba a amsa shi, in an tambaye ki sai ki sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi fiye da kowa, don ina so a ce matar Usmanu ta yi makaranta amma ba ta zubar da kunya ba. (Kun ga yanzu ina kiran sunansa gatsau. A lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan furta ba, "shi" nake cewa.)

Ƙafa ce ta tona min asiri. Ina cikin yin kisra, siririyar wainar dawar nan tamu, sai sharaɓata ta ɗaure tamau, yatsun su ƙanƙame, in yi ta cizon leɓe har ta sake ni. Da abin ya ishe ni na lallaɓa wurin Sakina, dayar ƙauyenmu, wato ungozomar da gwamnati ta horar. 'Yar garinmu ce, ta haura hamsin, rabin yaran unguwa a hannunta suka faɗo. Ta kai ni gaban likitan ƙaramin asibitinmu ya duba ni, sannan ta zaunar da ni ta yi min bayani: akwai wani sinadari, maginisiyam, da jikin mai ciki ke buƙata, in ya yi ƙaranci jijiya takan ɗaure.

"Ki riƙa cin gyaɗa da riɗi da wake da ganye, ya bitti, 'yata," in ji ta. "Ga hubub ɗin ga, ƙwayoyin da likita ya rubuta, ɗaya kullum bayan abinci. In kin ga zawo ki dawo ki hwaɗa mini."

Kwana uku ina shan ƙwayoyin a ɓoye. Ran na huɗu surukata, Inna, ta shigo ɗakina neman turare, ta ɗaga murfin wani kwano ta ci karo da su.

"Waɗanga fa, na mi na?"

Amsar ba ta da wuya: na masu ciki ne. Amma in na faɗi haka na amsa cikin ke nan, da bakina, a gaban uwar mijina. Sai na ji kaina ina cewa, "Daya ce ta ba ni, Inna. Ban san ko na mene ne ba. Ni ban ce mata ina ciwo ba."

Inna ta ƙulle su a gefen tob ɗinta, wato mayafinta, ta fita. Kafin magariba ita da ƙawayenta sun yanke hukunci: irin ƙwayoyin nan ne masu tsayar da haihuwa, ki yi ɗaya shi ke nan. Kafin sati labari ya tsallaka kwatar ruwa ya shiga ƙauyen gaba. Mata suka ɗauke ƙafa daga ɗakin Sakina. In ta yi sallama a famfo, sai a amsa mata ciki-ciki. Ina gani, ina ji, ina gaya wa kaina cewa magana ce, za ta wuce. Ƙafata kuwa ta koma gidan jiya.

Ranar walimar bikin Zainabu, da hantsi, aka ɗora min tiren jabana, wato gahawa, in kai wa surukina da dattawa a rumfa. Na sha ado, na ja tob har goshi. Na durƙusa kamar yadda aka koya mana, gwiwa kusa da ƙasa, na ajiye tire, na fara gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Dattawa tara ne, kuma ban tsallake ko ɗaya ba (ina jin daɗin kaina, in gaya muku gaskiya, har ina hango yadda za a yabe ni a cikin gida). Na yunƙura zan tashi, ƙafar dama ta ce ba ta san zancen ba.

Ban taɓa jin ɗaurewa irin ta ranar ba. Na kife gefe guda, ƙafar ta miƙe sak tana nuna liman, ta yi fatali da tulun jabana. Sai na buɗe baki, ni mai kunyar ƙauye, na ce, "Usmanu, ƙafata! Usmanu!" Sau biyu, a gaban ubansa. Surukina ya ɗaga kai yana nazarin rufin rumfa. Usmanu ya miƙe rabi, ya duba mutane, ya koma ya zauna.

Sakina ce ta taso daga wurin masu girki, hannunta duk ƙullu. Ta kama tafin ƙafata ta tura yatsun sama, tana murza sharaɓar. Ta rage murya ta ce, "Kina shan hubub ɗin kuwa?"

Ban kai ga amsawa ba Inna ta iso. "Sake mata ƙafa, Sakina. Abin da kinka ba ta bai isa ba?"

Kowa ya ji. Sakina kuwa ni ta duba. Ba harara ba ce, jira take yi. Kunyar da nake tsarewa ta riga ta zube tare da jabana, babu sauran abin da zan rasa, kalma huɗu kawai ake nema daga gare ni: na masu ciki ne. Na ja tob na rufe fuskata. Mutane suka ɗauka nauyin sunan da na kira ne, har wata tana cewa Allah sarki. Sakina ta ci gaba da murzawa har jijiyar ta saki, ta goge hannu, ta tafi gida ba ta ci abincin biki ba.

A Kamlin na haihu, lafiya lau. Sai bayan suna na iya gaya wa Inna gaskiya. Ta ce, "To mi ya hana ki hwaɗi tun ranar?" Ta sa takalmi da kanta ta nufi gidan Sakina, ta tarar da ƙofa a kulle. Ashe Sakina ta nemi canjin wurin aiki, ta koma wajen ɗanta a Dindir. Na yi ta cewa zan je bayan arba'in, sannan bayan girbin dawa, sannan in yaro ya yi ƙwari. Ban je ba har aka aiko mana da rasuwarta.

Har yau in ƙannen mijina suna son tsokanata, sai su dafe ƙafa su ce "Usmanu, Usmanu," ni ma in taya su dariya. Su a ganinsu abin kunyar ranar ke nan. Darasin da na ɗauka kuwa ɗan ƙarami ne, kuma ya zo a makare: in likita ya ba ki magani ki sha, in an tambaye ki na mene ne ki faɗa. Ni na ƙi faɗa don kada a ce ba ni da kunya, aka ci gaba da ce min mai kunya, Sakina kuma ta bar garin da aka haife ta.