Hancin Mai Girma Amale

"Ƙarya na yi? A dubi hancin nasa mana!" in ji Kyalla, tsohuwar akuya, a tsakiyar majalisar dabbobin Rijiyar Tsamiya.

Ba wanda ya duba. A garken nan raƙuma ke mulki, don wuyansu ya fi na kowa tsawo, kuma babbansu Amale ba a kallon hancinsa sai da izini. Sai dai duk faɗin majalisar babu mai hannun jan guga. Mutum biyu ke ja musu ruwa, Agali da ƙanensa Ilyas. To, Agali yana can kwance, zazzaɓi da tari, numfashi da ƙyar. Kowa kuma ya san shi ne kullum safiya yake share wa Amale majina da bakin rawaninsa, ya mayar da rawanin kan fuskarsa.

Jaki, wanda shi ne waziri, ya miƙe.

"Ya ku jama'a, tun zamanin kakanni ba a taɓa jin shugaba ya yi mura ba. Abin da ke sauka daga hancin Mai Girma raɓa ce."

"Raɓa mai yauƙi?" in ji Kyalla. "A ɗaure shi gefe har ya warke, a ware masa wurin shan ruwa. In Ilyas ma ya kwanta, wa zai ja gugan? Kai, da kunnuwanka?"

Taguwa, matar Amale, ta ce hassada ce kawai irin ta gajeru. Ta so ta ƙara, tari ya sarƙe ta. Aka amince cewa gyaran murya ta yi.

Sannan Amale ya ɗaga kai.

"Mun ji ƙorafin baiwar Allah, kuma za mu kashe maganar nan. Gobe za mu durƙusa gaban Ilyas, ba za mu tashi ba sai ya share mana hanci kamar yadda yayansa yake yi. Duniya ta shaida lafiyarmu lau."

Yana rufe baki ya saki atishawa a kan sahun gaba. Tumakin da ke wurin suka yi godiya.

Kyalla ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku sha ruwan yau ku ƙoshi sosai," ta ce.

Ta fice, ta sa ƙafar baya ta banko ƙyauren garken, garam!